Kabad ɗin karafan: katako zan mayar ko alminiyam?

Direban Rumah, daga Riyad:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san katako da waɗanda suka san alminiyam, don ni direba ne, iyakar sanina sitiyari da taya.

Bara ni da ƙanin matata muka haɗa kuɗi muka sayi karafan na hannu, irin ɗakin nan da ake ja da mota a fita kashta, wato shaƙatawa da kwana a sahara. Ƙirar nan gida ce, tsawonsa mita huɗu da rabi, ina jan sa da tsohuwar Land Cruiser. Ranar da muka je dubawa, kabad ɗin ciki ne ya ruɗe mu: fari tas, sai ƙyalli, ka ce kicin ɗin amarya. Ba wanda ya yi tunanin ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Da marba'aniyya ta shigo, kwana arba'in ɗin sanyin nan da ke farawa wajen 7 ga Disamba, muka kwashi iyali muka nufi saharar Summan ta hanyar garin Rumah. Muna kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka muka hau gargada, ba mu yi tafiyar minti arba'in ba yarona ya ce, Baba, akwai abin da ke buge-buge a ɗaki. Na tsaya na buɗe, sai da na yi salati. Ƙofar kabad ɗin sama ta ɓalle tana lilo da hinji ɗaya, dalla, butar gahawa, ta faɗo ta loɓe, finjalai sun tarwatse, sukari da hel, kayan ƙamshin gahawa, ko'ina a ƙasa. Na duba inda sukurun ya fita, ashe ya tafi da guntun katakon, abin da ya rage a ramin kamar garin kwaki. Da na leƙa ƙasan wurin wanke-wanke kuwa, allon ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, yatsa kawai na danna ya shige.

Yanzu na yanke shawarar fitar da komai a yi sabo kafin sanyi ya dawo. Na zaga sana'iyya, unguwar masu sana'ar hannu, wani kafinta ya ba ni kuɗinsa, wani mai kicin ɗin alminiyam ya ba ni nasa, na alminiyam ya fi tsada sosai. Ƙanin matata ya kafe sai alminiyam, wai an gama da katako ke nan har abada. Uwargida ta ce ita ba za ta kwana cikin gwangwani ba. Ni ina tsakiya, kuma ni zan biya rabi. Wanne ya fi jure gargada da zafin Riyad? Wata bakwai karafan ɗin yake yi a ajiye a fili, rana na dukan sa.

Tsohon Kafintan Jarwal, daga Makka:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zagi katako, tsaya ka san abin da ya ci amanarka. Abin da ka kwatanta, mai komawa gari, mai kumbura in ya ga ruwa, wannan MDF ne, ko ɗan'uwansa na dusar katako. Ƙura ce aka kwaɓa da gam aka matse da inji. A ɗakin kwana, jingine da bango, zai yi shekaru ba ka ji kansa ba. Amma ka ɗora shi kan taya ka girgiza shi sau dubu a awa, sukuru ba shi da abin kamawa, musamman in an ɗaure shi a gefen allon. Wanda ya ƙera maka karafan ɗin nan kicin ɗin gida ya yi maka ya sa masa ƙafa.

Abin da ake sa wa abin hawa shi ne filai, wanda a nan muke kira ablakash. Fallayen katako ne sirara aka jera aka manne, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa, shi ya sa ba ya tsagewa da sauƙi kuma yana riƙe sukuru. In ka je saye, juya gefen allon ka ƙirga layukan, ka duba ko akwai ramuka a tsakani. Mai layi da yawa, marar rami, shi ne naka. Wajen ruwa ka nemi wanda ake ce wa bahri, na jiragen ruwa, gam ɗinsa ba ya saki. Kuma ko shi, sai an shafe duk bakin da zarto ya yanka da fenti ko banis, hannu biyu ko uku, don ta baki ruwa ke shiga. Yaran yanzu nan suke tsallakewa, sun san ba ka gani.

Ga nauyi. Cikakken allo mai santimita 122 da 244, kauri milimita 18, in MDF ne ya kai kilo 40. Ablakash mai wannan kaurin kilo 30 da 'yan kai ne. Kuma ba ka bukatar 18 a karafan, 12 ya ishe ka a jikin kabad ɗin da kantocinsa, shi kuwa wajen kilo 20 ne. Ka ce wa kafintan ya haɗa da gam da sukuru tare, kowace kusurwa ya sa mata ɗan katako ta ciki. Hinji kuma kada ya yarda da gajeren sukuru, ya huda har waje ya ɗaure da noti da washa.

Abu ɗaya zan yarda da surukinka a kai: gara. In ka ajiye karafan ɗin a ƙasa tsirara kusa da inda ake ban ruwa, za ta same shi. Ɗora shi kan siminti, ka riƙa leƙawa.

Mai Alminiyam, daga Jidda:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa kan MDF haka yake. Amma a bar ni in kare sana'ata.

Malam Direba, kai a Riyad kake, iska busasshiya, shi ya sa Baba yake maka maganar banis hankali kwance. Mu nan Jidda, karafan da ke kwana Shu'aiba ko bakin teku wajen Yanbu, laima da gishiri ne ke cin sa. Na sha cire kabad ɗin katako yana wari kamar tsohon buhu. Alminiyam ba ya kumbura, ba ya funfuna, gara ba ta san shi ba, in miya ta zube ka watsa ruwa ka goge. Kuma ba kayan nesa ba ne, tun 2012 ake narka shi a masana'antar Ma'aden da ke Ras al-Khair, kowace sana'iyya akwai mai yankan sa.

Sai dai zan gaya maka abin da mai son kuɗinka ba zai gaya maka ba. Mutane na cewa alminiyam ya fi katako rashin nauyi. In ka yanko guntu biyu girma ɗaya, na alminiyam ya ninka na ablakash sau huɗu ko fiye. Sirantarsa ce ke cetonsa: falle mai milimita 2, girman allon da Baba ya ambata, kilo 16 ne. To amma falle siriri lanƙwashewa yake, dole a yi masa ƙashi da bututu mai kusurwa huɗu, in ka tara duka ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Na biyu, kicin ɗin alminiyam na gida shi ma ba don gargada aka yi shi ba. Kusurwoyinsa da 'yan sukurai ake haɗawa, in ya sha girgiza ramin sukurun faɗi yake, daga nan sai kwaram-kwaram. Na mota ana ɗaure shi da ribit, ƙusar nan da ake ja da bindiga, a sa gam ɗin roba tsakanin fallen da ƙashin don ya kashe ƙara. Waldar argon tana da kyau a ido, amma gefen walda laushi yake yi saboda wuta, nan yake fara tsagewa. Kuma a bar masa wurin numfashi: sanda mai mita biyu, tsakanin daren sanyi a Summan da cikin karafan a rufe a watan Yuli, za ta miƙe fiye da milimita biyu. In an matse ta tsakanin bango da bango, ƙofofi za su fara cijewa.

Ka tambayi mai aikin naka karafan nawa ya taɓa yi, ba kicin nawa ba. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Direban Rumah:

Baba, na koma na ɓantari guntun na duba, ba layi ko ɗaya, gari ne zalla. Ashe shekara guda ina zagin katako a banza. Mai Alminiyam, na tambayi mutumin nawa kamar yadda ka ce, sai ya buɗe waya yana nuna min hotunan kicin na gidaje. Na sha shayinsa na fito.

Ummu 'Yan Biyu, daga Ɗa'if:

Yaya Direba, a gaida Hajiya, a ce mata ina bayanta. Ku maza kuna lissafin kilo da milimita, mu ne muke buɗe kabad ɗin da asuba.

Namu na alminiyam ne gaba ɗaya, maigida ya zaɓa. Mun kwana da shi a Shafa da sanyi, mun kuma kai shi Suda can sama da Abha. Da asuba in na kai hannu zan ɗauko butar shayi, kamar na taɓa ƙanƙara. Mutum shida sun kwana suna numfashi a ɗaki ɗaya a rufe, sai ka ga jikin kabad ɗin ya yi gumi, ruwa na gangarowa, har bargon da na ajiye a ciki ya yi danshi. Da zafi kuma wanda ke jikin taga ba ya taɓuwa. Ga baƙi: inda ba fenti, in tasa ko kofi suka yi ta gogar kanta a hanya, sai gindinsu ya yi baƙi-baƙi, hannunka ma ya ɗauka. Sai da na shimfiɗa tabarmar roba a kowace kanta. Ɗaya daga cikin 'yan biyu kuwa kusurwar durowa ta taɓa tsaga masa goshi, har yau da tabon.

Gaskiya ɗaya, wajen wanke-wanke da murhu ban taɓa kuka da shi ba. Shekara uku, ko ɗigon kumburi. Amma kusa da gado, da za a sake, katako zan ce.

Ɗan Mai Wurno, daga Dammam:

Salamu alaikum iyayena. Ni ƙarami ne a nan, amma ina aiki a garejin gyaran tireloli, bari in ɗan sa baki.

Abin da Ummu 'Yan Biyu ta gani ba tsautsayi ba ne. Alminiyam yana ɗaukar zafi da sanyi fiye da katako sau dubu da wani abu, shi ya sa tururin numfashi ke zama ruwa a jikinsa. Ku duba Airstream na Amurka, waɗanda tun 1936 suke yin gangar jikin tirelarsu da alminiyam da ribit. In kun shiga ciki, kabad ɗinsu katako ne mai rufi. Su da suka fi kowa son alminiyam ba su kai shi ko'ina ba.

Masu cewa katako da ruwa ba sa shiri, a garinmu bakin Shuɗin Nil da bagaruwa ake sassaƙa jirgi, sunut da Larabci, yana shekaru cikin kogi. Amma kada wani ya ce zai sa ta a karafan, nauyinta sai ta karya aksil.

Kawu Direba, ko me ka zaɓa, abu biyu. Ƙofar nan da ta ɓalle, kafin hinji ya saki sai da ta buɗe tana bugawa. Maganaɗisun kicin ɗin gida ba ya riƙe ƙofa a gargada, ka sa makullin dannawa irin na jiragen ruwa, wanda sai an danna yake saki. Sannan kaya masu nauyi, tukwane da gwangwanaye da ruwa, su sauko ƙasa daidai kan taya. Kabad ɗin sama na bargo ne da kofin roba. In ka tara nauyi a baya, karafan zai fara kaɗa wutsiya a kan titi, wannan kuwa ya fi fashewar finjali. Kuma in za ka sauka daga kwalta ka rage iskar taya, ta mota da ta karafan, ka rage gudu.

Mai Alminiyam:

Ummu 'Yan Biyu ta yi gaskiya kan baƙin, maganinsa a sayi mai fentin da aka gasa a tanda, kusurwa kuma a sa mata murfin roba. Na manta ban faɗa ba: in za ka riƙa zuwa bakin teku, kada a bar ƙarfe ko tagulla su manne da alminiyam tsirara. Da gishiri ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne ke ciwo, sai ka ga farin gari zagaye da noti. A raba su da washar roba.

Direban Rumah:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha na karanta wa ƙanin matata duka, Hajiya na gefe tana ta gyaɗa kai wajen maganar Ummu 'Yan Biyu, har da cewa in sake karanta wurin bargon.

Ga inda muka tsaya. Ɓangaren murhu da wurin wanke-wanke da ɗakin tankin ruwa, alminiyam mai fenti, da ribit. Kabad ɗin sama da na gefen gado da durowar yara, ablakash mai milimita 12, ni da kaina zan je in ƙirga layukan, kuma sai na ga an shafe bakin kafin a haɗa. Surukin nawa bai gamsu sosai ba, amma da ya ji kuɗin ya ragu sai ya yi shiru. Tukwanen da ke sama tun daren jiya na sauko da su.

Saura abu ɗaya ya ɗaure min kai. Baba, inda katakon zai haɗu da alminiyam ɗin, tunda Mai Alminiyam ya ce nasa miƙewa yake da zafi, a ɗaure su da juna ne ko kowa a kafe shi a bango shi kaɗai a bar ɗan tsakani? Kafintan zai zo awo ranar Asabar, ina so in san abin da zan ce masa kafin ya fara ce min haka ake yi.

Tsohon Kafintan Jarwal:

Kowa a kafe shi a jikin ƙashin bango, ba a jikin fallen rufi ba, ka sa ya nemo inda sandunan suke. Tsakaninsu ka bar kaurin kwali biyu, a cike da silikon. In ya ce ba haka ake yi ba, ba shi wayar mu yi magana, amma bayan la'asar, da safe ina Harami.