Abin da masu revolver a Amurka suka ce game da harsashin magnum

Da aka tattara bayanan masu harbin nishaɗi a Amurka, kusan bakinsu ɗaya: harsashin .357 Magnum ba ya tarwatsa revolver mai kyau, wato ƙaramar bindiga mai silinda mai juyawa da ake zuba harsasai a ciki, sai dai yana cinye ta a hankali. Matsin da yake yi a cikin bindiga ya kai psi 35,000 (psi ma'aunin matsi ne), ninki biyu na harsashin .38 Special.

Inda aka fi daɗewa ana muhawara shi ne kan tsohon samfurin bindigar Smith & Wesson Model 19. Makogwaron bututunta, wato mashigar harsashi cikin bututun, siriri ne ta ƙasa, kuma harsashi mara nauyi mai gudu, irin mai giren 125 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), shi ya fi tsaga shi. Shi ya sa tsofaffin hannu suka ce a riƙa atisaye da .38, magnum kuwa sai jefi-jefi, kuma a zaɓi mai giren 158. Wanda ba ya iya haƙura, ya nemi bindigar Smith & Wesson 686 ko Ruger GP100, ƙarfensu ya fi kauri.

Tabon da wutar harbi ke yi a saman firam ɗin, wato gangar jikin bindigar, yawanci yana tsayawa da kansa. Amma in silinda ta fara girgiza gaba da baya, ko ta daina tsayawa daidai da bututu, kada a ƙara harbi, a kai wa maƙerin bindiga.