Fumfuna ta yi wa soket ɗin ɗakina ƙawanya, wutar ce ke jawo ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, don Allah wanda ya san kan gini ko wuta ya taimaka min. Akwai wani bango a ɗakin kwananmu, bayansa waje ne, tun da ruwa ya kankama ya fara ɗaukar sanyi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne fumfunar da ta fito ba ta bazu ko'ina ba, soket biyun da ke jikin bangon ta zagaye. Na kusa da ƙofa ma har da wani baƙin layi da ya miƙe sambal daga samansa zuwa silin, kamar da rula aka ja. Ɗayan yana bayan wadirof, shi ɗigo-ɗigo ne suka kewaye shi. Na goge sau biyu, na sa aka shafa fenti, ba a yi wata guda ba sai ta dawo daidai inda take. Maƙwabciyata ta ce wutar ce ke jawo ta. Haka ne? Kuma da haɗari? Autana yana da asma, kuma a ɗakin yake kwana.

Mai aikin wayarin: Wa alaikumussalam. Hajiya, kafin a je ko'ina, ki daina amfani da soket ɗin nan biyu yau ɗin nan. A zare duk abin da aka jona, a je akwatin wuta a kashe birekar ɗakin. Kashe ɗan makunnin jikin soket bai wadatar ba, wayar da ke bayansa tana nan da wutarta. Kuma don girman Allah kar a sake kai jiƙaƙƙen tsumma wurin alhali da wuta. Ina kan aiki, zan dawo.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ina ganin maƙwabciyar taki ta faɗi daidai. Soket yana ɗaukar ɗumi, ita kuma fumfuna ɗumi take so.

Injiniyan gini: Ɗan'uwa, ka gafarce ni, ba haka abin yake ba. Da ɗumin wuta ne ke haifar da ita, da duk soket ɗin gidan sun yi baƙi, har na busassun bangaye. Lafiyayyen soket ma ba ya wani zafi, in ka ji ya yi, to waya ce ta saki a ciki ko kaya sun yi masa yawa. Fumfuna ba ta cin lantarki. Irinta yana yawo a iskar kowane ɗaki, abincinta kuma ba ya yankewa: ƙura, fenti, takarda, gam. Abu ɗaya take jira, laima. Inda laima ta zauna, nan take sauka.

To me ya sa soket? Saboda nan ne aka raunata bangon. Kafin a kafa shi sai an sassaƙe rami mai zurfin santimita 3 ko 4 a binne akwatinsa, kin ga bango ya ragu a wurin ke nan. In bulo mai rami ne, sau da yawa sassaƙar tana ɓullawa cikin ramin, don haka ruwan da ya shigo ta wata tsaga a waje ya gangaro ta cikin bulo, nan zai samu ƙofa. Sannan ana tsaga bango a kwantar da fayif ɗin da waya ke bi, a sake rufe shi da wani kwaɓin da ba lallai ya yi daidai da filastar farko ba. Wannan facin yana shan ruwa daban, yana bushewa daban, yana kuma yawan tsagewa a gefe.

Hajiya, layin nan da kika ce kamar da rula aka ja, hanyar fayif ɗin ce bangon yake nuna miki. Fumfuna ba ta iya miƙe layi da kanta, bin abin da ke ƙarƙashi take yi. Tunda kuma daga sama ya taho, ni rufi nake zargi: ko yoyo yana ɗiga kusa da bakin fayif ɗin a cikin silin, ko indararo ya toshe ruwa yana bin bango. Da daga ƙasa laimar ke tasowa, da kin ga shaidarta a kwance tsawon bangon, fenti yana kumbura yana ɓarewa, kuma da wuya ta haura mita ɗaya.

Malamar kimiyya: Injiniya ya gama magana a kan na bakin ƙofa. Na bayan wadirof kuwa ina jin labarinsa daban ne. Kin san yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi a waje ba tare da ya huje ba? Ruwan da ke cikin iska ne ya tarar da wuri mai sanyi ya kwanta. A ɗaki mai zafin digiri 25 da laimar iska kashi 70 cikin 100, duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 19 zai fara wannan gumin. Fumfuna ma ba ta jiran ɗigon ruwa, laimar da ke fuskar bango ta daɗe a wajen kashi 80, ya ishe ta. Gefen soket shi ne inda bango ya fi sirantaka, ga akwatin ƙarfe mai saurin ɗaukar sanyi, ga iska tana kurɗowa ta fayif, ga wadirof ya toshe wurin babu iskar da za ta busar. A ƙasashe masu sanyi iskar ɗaki ce ke yin gumi a kan bangon da sanyin waje ya kama. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska kuma abin juyawa yake: iskar waje mai laima ce ke biyo fayif ta tarar da soket mai sanyi.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki samu takardar alminiyom ko leda mai kauri kamar faɗin tafin hannu biyu, ki liƙa a bangon kusa da wurin, ki rufe gefunanta huɗu da salatif, ki bar ta kwana biyu. In ruwa ya taru ta fuskar ɗaki, gumin iska ne. In ta ɓangaren bango ya taru, daga cikin ginin yake fitowa. Ɗigo-ɗigon da kika gani a bango kuwa haka fumfuna take girma, kowane ɗigo daga ƙwayar irinta ɗaya ya faro, zarenta suna bazuwa ta kowane gefe.

Mai fenti: A dai duba da kyau, ba kowane baƙi ne fumfuna ba. Na sha zuwa gida a ce min fumfuna, in tarar ƙura ce da hayaƙi suka manne a saman soket inda caja ke ɗumama iska tana tashi da su. Wannan ba shi da warin ruma. In fari ne yana marmashewa kamar gari, kuma ya narke a ruwa, gishirin gini ne. In kuwa launin ruwan ƙasa ne a jikin robar soket ɗin da ƙaurin ƙuna, a kira mai wuta da gudu. Kuma Hajiya, wanda ya shafa miki fenti a kan jiƙaƙƙen bango bai kyauta ba, ɓarnar fenti kawai aka yi.

Wata 'yar'uwa: Ki haɗa bilic da binega ki fesa, yanzu za ta ɓace.

Ma'aikaciyar jinya: A'a, 'yar'uwa, kar a yi haka! Bilic da binega in suka haɗu iskar kilorin suke fitarwa, tana ƙona ido da huhu. Haka ma bilic da duk abin wanki mai amoniya, iska mai guba suke fitarwa. Kuma ba a fesa ruwa kusa da soket. Maman yaro, ki fitar da shi daga ɗakin tukuna. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, shessheƙar numfashi da tashin asma. Ranar da za a goge, a kashe wuta, a buɗe taga, a sa takunkumi da safar hannu, a yi da ruwan sabulu a tsumman da aka matse sosai, yaron kuma ba ya kusa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce in wurin bai kai kusan murabba'in mita ɗaya ba, mutum zai iya da kansa, in ya wuce haka a nemi masu aikin.

Mai aikin wayarin: Na dawo. Abin da zan ƙara: kar maigida ya ce zai kwance da kansa. Wanda za ki kira ya gwada ya tabbatar babu wuta, ya buɗe ya duba ko da ruwa a akwatin, ko sukurori sun yi tsatsa, ko jan ƙarfen wayar ya koma kore. In ya ga haka, canza soket ɗin za a yi. Ki kuma tambaye shi ko akwatin wutarku yana da na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30. Birekar da aka saba da ita waya take karewa daga ƙonewa, ita wannan kuwa mutum take karewa.

Mai tambaya: Allah Ya saka muku da alheri. Yau kwana huɗu ke nan. An buɗe na bakin ƙofa, wallahi ruwa aka samu kwance a akwatin, sukurorin duk tsatsa. Da aka hau silin, ashe yoyo ne ke ɗiga daidai bakin fayif ɗin, an toshe shi jiya. Na bayan wadirof cikinsa a bushe yake, ledar Malama kuma ta fuskar ɗaki ta jiƙe, don haka mun janye wadirof ɗin daga bango. Yaro yana ɗayan ɗakin. Yaushe zan sake fenti?

Injiniyan gini: Ki yi haƙuri tukuna, Hajiya. Fuskar bango tana bushewa da wuri, cikinsa kuwa yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ki bari a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, a sake buɗe akwatin a ga babu ɗigo, ki maimaita gwajin ledar a kan layin. Ranar da ta fito a bushe ciki da waje, ki kira mai fenti.