Damsel a tankin ruwan gishiri a Jos, ta ina zan fara?

Ɗan Rayfield: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tankin gilashi mai lita 120, ina so in zuba damsel, ƙaramin kifin teku, shuɗin nan mai rawayar wutsiya. Guda nawa zai ɗauka? Sanyin Jos fa, ba zai kashe su ba?

Maikifi: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen kifi tukuna. Gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka haɗa musamman don kifin teku, kusan giram 35 a kowace lita, har ma'auni na gishirin ruwa ya nuna 1.025. Ka dama shi da ruwan da aka tace da na'urar RO, don na rijiya ko burtsatse yakan zo da sinadaran da ke kawo gansakuka. Jera duwatsu masu ramuka, kunna famfon juya ruwa, ka bar tankin ba kifi sati 4 zuwa 6 kana ɗan jefa abinci don ƙwayoyin halitta masu cinye guba su samu, sai amoniya da naitirait, gubar da ke fitowa daga ruɓaɓɓen abinci da kashin kifi, sun koma sifili. Wai a sa damsel ya "gyara" sabon ruwa saboda yana da juriya, wannan zalunci ne, amoniya na ƙona masa gaɓoɓin da yake numfashi da su.

Baban Tanki: Ɗaya ka sa. Parasema, wato shuɗin nan da kake so, ya fi danginsa sauƙin kai, amma da ya kama rami ya zama mai unguwa. Biyu a lita 120, ƙarfaffan zai yi ta korar ɗan'uwansa har ya laɓe a kusurwar sama, fiffike a yage, ya daina ci. In akwai wasu kifaye a lissafinka, su fara shiga, shi ya zo ƙarshe. Domino kuwa, baƙin damsel ɗin nan mai fararen ɗigo, kada kyansa yana ƙarami ya ruɗe ka, in ya girma mafaɗaci ne.

Hajiyar Bukuru: Ɗana, sanyin ne babbar matsalarku. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, daren Disamba da Janairu kuwa ka san yadda Jos take. Nemi hita mai wat 150, ka haɗa ta da famfon a kan inbata. In an ɗauke wuta, rashin iska na riga sanyi kisa, za ka ga kifin ya taso sama yana haki, shi ya sa ƙaramin famfon iska mai batir dole ne. Ka lulluɓe tankin da bargo kafin wuta ta dawo.

Hunturu kuma yana shanye ruwa ya bar gishiri. Yi alama a jikin gilashi, kullum ka cike gurbin da ruwan RO zalla. Na gishiri sai ranar canji, lita 12 duk sati.