Jinkirin magana ga yaro mai jin harsuna uku: shawarwarin 'yan zaure

Uwar yara biyu, Bamingam: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana yana da shekara 2 da wata 8, amma bakinsa bai buɗe sosai ba, kuma jefi-jefi yake haɗa kalmomi biyu. Mahaifinsa Basakkwace ne, da Hausa yake yi masa magana, ni kuma nakan haɗa masa da Fulatanci, sannan a makarantar renon yara Turanci yake ji. Wata ma'aikaciyar makarantar ta ce mun rikita shi, mu bar komai mu riƙe Turanci. An ba mu ranar ganin masaniyar gyaran magana, ina neman shawarar shirin da ya kamata in yi.

Likitan yara, Kaduna: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawan harsuna ba ya haddasa jinkirin magana, in ba haka ba da yaran Yola da na Maiduguri sun fi na ko'ina wannan matsalar. Yaro ɗan shekara 2 yakan mallaki kalmomi kusan 50 ya kuma fara haɗa biyu, amma lissafin na duk harsunansa ne, saboda haka idan ya ce "ruwa" da Hausa ya ce "kosam" da Fulatanci, duka biyun sun shiga. Kafin komai ki nemi a gwada jinsa, domin ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana rage ji ba tare da ciwo ba. Waɗanda ke gida Najeriya kuwa suna iya zuwa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna.

Masaniyar gyaran magana, Landan: 'Yar'uwa, ƙungiyar masu wannan aiki a Birtaniya, RCSLT, matsayinta shi ne a auna yaro cikin duk harsunan da yake ji, kuma kada a ce wa iyaye su bar harshen gida. Ki buga waya tun yanzu ki nemi a tanadi tafinta, wanda hukumar lafiya ta NHS ke samarwa kyauta, kada a wayi gari yayansa ne ke fassara. Yawancin gwaje-gwajen da muke amfani da su an daidaita makinsu ne a kan yaran da Turanci kaɗai suke ji, don haka makin ba ya nuna gaskiyar ɗanki. Abin da ke raba mana gardama shi ne, lalurar harshe ta gaskiya tana bayyana a duk harsunan yaro, ba a Turanci kawai ba. Ki rubuta kalmominsa na mako guda, ki ɗauki bidiyonsa yana wasa a gida.

Malamin Hausa, Sakkwato: Ina da ƙari a kan tafinta. Idan Bakano aka kawo, a sanar da shi cewa yaron Sakkwatanci yake ji, domin in ya ce "tahi" ko "hwari", daidai ya faɗa, ba tsamin baki ba ne. Haka kuma Fulatanci yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ da ts, Hausa kuwa ba ta bambanta p da f, saboda haka musanya waɗannan sautukan gado ne na harsunan gida, bai kamata a rubuta shi a matsayin lalura ba.

Kaka, Kano: 'Yata, ki faɗa musu cewa mu muna koya wa yaro sunkuyar da kai a gaban manya, kada su ɗauki kunya a matsayin ciwo. Jikata ma an nuna mata katunan hotuna masu ƙanƙara da alade, ta yi shiru, amma da aka nuna mata tsintsiya da buta ta faɗe su nan take. Kuma idan kun zo hutu, kada ki bari a kai shi wurin wanzami a ce za a yanke linzami.

Likitan yara, Kaduna: Gaskiyar Baba ce a kan linzami, domin ɗaurin harshe ba ya hana yaro sanin kalmomi. Sai dai a kan kunya ina da ɗan ja, saboda yaro mai wannan shekarun bai gama koyon ta ba. Hajiya, ki lura ko yana kallon idonki ke da mahaifinsa, ko yana waiwayowa in an kira sunansa, ko yana nuna miki abu da yatsa. Idan ba ya yin waɗannan ko a gida, ki faɗa wa masaniyar ƙarara.

Uwar yara biyu, Bamingam: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yana nuna abu da yatsa, yana kuma amsa sunansa, sai dai ya yi ta fama da mura a hunturun da ya wuce. Gobe zan fara da neman gwajin jin, kuma daren nan zan buɗe littafin kalmominsa.