Da wane ma'auni ake cewa wani nau'in kansa ba kasafai ake samunsa ba?

Malama Binta:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana harkar lafiya. Na ji ana cewa akwai nau'o'in cutar kansa da ba kasafai ake samunsu ba, kuma wai kamfanonin magunguna ba su cika waiwayarsu ba. Shin da wane ma'auni ake yanke wannan hukunci, kuma me ke sa a fifita wata cuta a kan wata wajen kashe kuɗin bincike?

Dakta Sani:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ma'aunin ya danganta da ƙasa. A Turai, nau'in da sababbin masu kamuwa da shi ba su kai mutum 6 cikin 100,000 a shekara ba shi ake sa wa wannan suna, yayin da Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta Amurka ta ɗauki ƙasa da mutum 15 cikin 100,000 a shekara. Sai dai idan aka tara waɗannan nau'o'i wuri guda, sun haura kashi ɗaya cikin biyar na kansar da ake ganowa a Turai. Gwajin sabon magani yana buƙatar majinyata masu yawa, kamfani kuma lissafin kasuwa yake yi, shi ya sa Amurka ta kafa doka a 1983 wadda ta ba duk kamfanin da ya samar da maganin cutar da masu fama da ita a ƙasar ba su kai mutum 200,000 ba damar sayar da shi shi kaɗai har shekara bakwai. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2000, ita kuma ta ba da shekara goma.

Malam Habu:
Dakta ya yi bayani, amma ina da ja a kan ma'aunin kansa, domin da alƙaluman Turawa aka gina shi. Kansar da wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wadda take kumbura muƙamuƙin yara, baƙuwa ce a Turai, alhali a yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu tana cikin waɗanda suka fi kama yara. Iyayen waɗannan yara ba su ne kasuwar da kamfanoni ke hange ba.

Dakta Sani:
Gaskiya ne, Malam. Zan ƙara da cewa dokar ta haifar da magunguna masu amfani, kamar Gleevec da aka amince da shi a 2001 domin wani nau'in kansar jini, amma rashin abokin gasa a kasuwa ya sa farashin irinsu ya fi ƙarfin yawancin majinyatanmu, waɗanda daga aljihunsu suke biya.