Tiyatar kwatangwalo ta 'yar huda: jijiyar cinyata ce ta tsinke?

Ɗan Tsakiya:
Assalamu alaikum. Yau sati shida da aka yi mini aiki a kwatangwalon dama, irin wanda ba a farka mutum. Huda uku aka yi, aka zura kyamara da kayan aiki, aka ɗinke guringuntsin bakin gaɓar da ya yage, aka kuma kankare wani ƙashi da ke tokarewa in na naɗe ƙafa. Sauƙi ya samu har na ajiye sandunan dogarawa. Shekaranjiya yara na wasa, ƙwallo ta gangaro gabana, wallahi ban san sanda na ja ƙafa baya na buge ta ba. Nan take na ji "ɗas" a saman cinya. Yanzu jini ya kwanta a wurin, in ina kwance ba na iya ɗaga ƙafar a miƙe, hawa gado ma sai na tallafe ta da hannu biyu. In na ɗaure cinyar, wani ƙulli ke tasowa a gabanta. Ɗinkin ciki ne ya warware? Ranar komawata asibiti sai nan da sati uku. In jira?

Mai Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka jira, ɗan'uwa, ka nemi likitanka gobe. Sai hoto zai tabbatar, amma abin da ka faɗa ya fi kama da tsinkewar jijiya fiye da warwarewar ɗinki. Jijiyar da nake nufi ita ce mai ɗaure tsoka da ƙashi, ba ta jini ba.

Tsokoki huɗu ne a gaban cinya, guda ɗaya ce cikinsu ta ƙetare gaɓa biyu, kwatangwalo da gwiwa. Likitoci na kiranta rektus femoris. Samanta kai biyu ne: ɗaya ya kama wani ɗan tsinin ƙashi a gaban ƙugu, ɗayan ya kwanta a saman bakin gaɓar, dab da inda ake yanka rigar gaɓa, wato tantanin da ya lulluɓe ta, a shiga. In aka kankare wannan tsinin, makamar jijiyar na iya raguwa. Kai kuma ka ja ƙafa baya, gwiwa a lanƙwashe, tsokar ta miƙe iyakarta, sannan ka fizge ta da ƙarfi. Ƙullin da kake gani wataƙila tsokar ce ta tattare ƙasa. Ka koma kan sandunanka, ka sa ƙanƙara a tsumma ka riƙa ɗorawa, kuma ka daina gwada ɗaga ƙafar.

Maman 'Yan Biyu:
Haba ƙanina, sati shida da aiki ka buga ƙwallo? Ni ma an yi mini irinsa. A wata na biyu gaban ƙuguna ya riƙa zugi in zan sa takalmi, har na tsorata, ashe jijiyar naɗe ƙafa ce ta kumbura don na yi gaggawar hawa matakala. Amma ni ban ji ƙara ba, jini bai kwanta ba, kuma ina iya ɗaga ƙafar, da ciwo dai. Taka daban ce.

Kawu:
Likitan ne ya yanke ta tun a tiyata, ba za su faɗa maka ba.

Mai Gashin Ƙashi:
Kawu, a yi haƙuri, wanda ya yi makonni yana tafiya lafiya ba za a ce da tsinkakkiyar jijiya ya fito ba. Aikin na iya raunana wurin, shi ya sa ake hana ɗaga ƙafa a miƙe a makonnin farko.

Ɗan Tsakiya:
Na gode muku. An yi hoton MRI jiya. Kan da ke maƙale da tsinin ƙashin ne ya ɓalle gaba ɗaya ya ja baya, ɗinkin guringuntsin kuwa yana nan lafiya. Likita ya ce da yagewa ce kaɗan, hutu da gashin ƙashi sun isa. Tunda ina son komawa filin ƙwallo, ya ba da shawarar a mayar da ita jikin ƙashin a ɗaure kafin ta ƙara tattarewa. Malam, bayan wannan aikin na biyu, kwanciyar rub-da-ciki tana da illa? A haka na saba barci.