Muhawara: Shin namijin da ya taka rawar mace a wasa zai san abin da mata ke ɗanɗana?

Malam Garba: Ina magana ne a kan wasannin da ake zama a kewaye da tebur, kowa ya shiga rigar wani mutum na cikin labari, yana magana da yanke shawara a madadinsa. A wasan Kagematsu, wanda Danielle Lewon ta fitar a 2009, labarin yana faruwa ne a wani ƙauyen Japan a 1572, kuma ƙa'ida ita ce mace ta taka rawar jarumi, sauran 'yan wasa, ko da maza ne, su zama matan ƙauye waɗanda ba su da makami sai lallashi don ya tsaya ya kare su. Ra'ayina shi ne namijin da ya zauna yana jiran hukuncin mace a kan kalamansa ya koyi abin da lacca ba za ta koya masa ba.

Hajiya Ladi: Malam, ban yarda ba. Wanda ya san cewa an jima zai tashi ya koma matsayinsa bai ɗanɗani komai ba, domin nauyin da ke kan mace shi ne rashin ranar sauke shi. Abin da nake tsoro ma shi ne ya fito yana ganin ya gama fahimta, har ya daina sauraron matan gidansa.

Maman Hanifa: Hajiya, kina da gaskiya a kan tsoron, amma ki duba ƙa'idojin kansu, don a nan maganar take. A littafin 'yan wasa na wani wasan tebur mai suna Advanced Dungeons & Dragons na 1978 an ƙayyade wa mace iyakar ƙarfin da bai kai na namiji ba, a cikin duniyar da ke cike da dodanni da tsafi, kuma ba a cire wannan ba sai a bugun 1989. Idan ƙa'ida za ta iya cusa raini ba tare da an lura ba, me zai hana wata ƙa'idar ta tona shi? Wasan Night Witches na Jason Morningstar, na 2015, ya ɗauko tarihin matan Tarayyar Sobiyet na runduna ta 588, masu kai farmakin dare da jiragen sama na katako a Yaƙin Duniya na Biyu, ya raba wasan gida biyu: da dare fama da Jamusawa, da rana fama da ƙarancin kayan aiki da rainin sojoji maza.

Hajiya Ladi: To, ai namiji ne ya rubuta shi. Kuma shiga rigar wani ba ya nufin canjin tunani, tunda a tashen Mairama da Daudu yarinya ce ke sa kayan maza, amma abin da ake koya wa Mairama shi ne ladabi ga miji.

Malam Garba: Wannan hujja ce a kanki, Hajiya, domin kin yarda ke nan wasa yana koyarwa.

Hajiya Ladi: Yana koyar da abin da jama'a suka riga suka yarda da shi, Malam. Ka nuna mini namijin da ya tashi daga tebur ya karɓi wanke-wanke, sannan mu ci gaba.